Abin da Zan Faɗa wa Mai Sayen Gidanmu

Dogon Dutsi, farkon kaka

Zuwa ga Yayana Gado,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Adama da yara duka. Yaya aikin duba dabbobi, yaya mutanen Dogon Kiriya? An ce hatsi ya yi kyau wajenku bana, Allah ya sa albarka. Mu nan lafiya lau. An koma lakwal, a makarantarmu an ba ni 'yan aji uku, ɗiyata Ruƙayya kuma ta koma Doso wajen karatunta.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Dalili shi ne a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ka ce, "Luba, saurara," daga nan kai kaɗai ke magana har layin ya yanke. Takarda ko ka ji haushi ka ajiye ta, za ka dawo ka tarar da ita inda ka bar ta.

Maganar gidanmu na gado ce. Kai da ƙanenmu Jalaluddeen kun ce a sayar, ni ma na yarda, don tun da 'yan haya na ƙarshe suka tashi ba kowa a ciki sai ƙadangaru, katangar yamma kuma ta fara zubewa. Mani dillali ya samo mai saye. Sunansa Abdussalamu, ma'aikacin asibiti ne, daga Tasawa aka turo shi nan, bai san kowa a garin ba. Yana da mata, Amatullahi, da yara uku, ƙaraminsu yanzu yake koyon tafiya.

Ranar Alhamis na je in buɗe musu gidan su gani. Yaya, da na shiga tsakar gida sai da na ja na tsaya. Wurin rijiya babu shi. An zuba siminti sumul tun daga gindin tsamiya har ƙofar ɗakin baya, kamar ba a taɓa haƙa kome a nan ba. Mani ne ya sa aka yi, da makullin da ke hannun Jalalu. Kai ka san yadda aka cike rijiyar nan bayan rasuwar Karima, cikin gaggawa, da shara da ɓaraguzan katanga, kowa na son ya daina ganin bakinta. Kowace damina wurin sai ya lotsa, ni nake sa a ƙara ƙasa. Yanzu an lulluɓe shi da siminti da bai fi kaurin tafin hannu ba. Ina tsaye ɗan ƙaramin nan ya tafi yana tangaɗi ya zauna daidai kan wurin. Uban kuma yana nuna wa Mani da hannu, wai a nan zai gina ɗakin yara saboda inuwa.

Na ɗauke yaron na miƙa wa uwarsa. Bayan sun tafi na tare Mani a zaure. Ya yi dariya ya ce, "Malama, gida ake sayarwa, ba tarihinsa ba. Baƙo ne, kafin ya ji labari an riga an sa hannu." Na tambaye shi, in da ɗansa ne zai kwana a kan ramin fa? Ya ce shi ba ya sayen gida, sayarwa yake yi.

Saboda haka nake sanar da kai tun da wuri, don kada ka ce na yi abu a bayan idonka. Zan je in sami mutumin nan. Zan gaya masa akwai rijiya a ƙarƙashin simintin. Zan gaya masa ƙanwarmu Karima ta faɗa cikinta da rana tsaka, a shekarar da ciwon kanta ya tsananta, kuma ba a fito da ita da rai ba. Zan gaya masa Inna mahaifiyarmu 'yar bori ce, aljana Doguwa take yi wa hidima, a gindin tsamiyar nan take zuba nono har ta bar duniya, kuma mutanen unguwa suna cewa don an daina zubawa ne aka ɗauke Karima. Ba zan ɓoye masa cewa 'yan haya sun tashi har sau biyu ba, suna cewa suna jin daka da tsakar rana da muryar mace tana kiran kaji, alhali ba kowa. Ni ban taɓa jin kome ba, wannan ma zan faɗa masa.

Na san abin da za ka ce. Duk faɗin Arewa wane gida ne ba a mutu a ciki ba, wace tsamiya ce ba a ce tana da mai ita ba? Gaskiya ne. Amma ɗan gari ya san labarin gidanmu tun kafin ya taya. Shi wannan bai sani ba, kuma rashin saninsa ne kaɗai ya sa Mani ya tsallake 'yan gari duka ya je ya ɗauko shi daga ƙofar asibiti.

Ka gaishe mini da Yaya Adama, ka ce na ga saƙon daddawa, na gode. Direban da ya kawo maka wannan zai dawo ranar kasuwa, in kana da amsa.

Ƙanwarka,
Lubabatu


Dogon Dutsi, bayan girbi

Zuwa ga Yaya Gado,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, ko da yake na san ranka a ɓace yake da ni. Ina fatan yara suna lafiya. Yaya idon Yaya Adama? Allah ya ba ta sauƙi.

Na ji duk abin da ka faɗa a waya, har da inda ka ce boko ne ya sa nake ganin na fi kowa tsarki. Ban amsa ba don ba ka bar mini wuri ba. Ga amsar yanzu.

Ka ce doka ba ta tilasta mana faɗin kome ba, don haka kafin in je wajen Abdussalamu sai da na biya gidan shari'a, wajen magatakardan da ke buga wa takardun ciniki hatimi. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce maganar rijiya aibi ne ɓoyayye, in mai saye ya gano daga baya yana iya kai mu ƙara a warware cinikin. Amma mutuwa da iskoki, in ji shi, dokar da ke hannunsa ba ta san da su ba, babu layi ko ɗaya da ya ce a faɗa. Na ce, to akwai layin da ya ce kada a faɗa? Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce babu. Na yi masa godiya, na ce abin da na zo ji ke nan.

Na sami Abdussalamu bayan la'asar a gidan da aka sauke shi, shi da matarsa. Na faɗa musu kome yadda na rubuta maka. Tun ina maganar rijiya matar ta jawo yaron ta ɗora a cinya, ba ta sake shi ba har na tashi. Shi kuwa kada ka zaci gode mini ya yi. Ya ce, "Malama, rijiya ana gyara ta. Da ita kaɗai kika faɗa, da magina zan kira. Ni ba na tsoron tsamiya, gawa kuwa kullum ina ganinta a wurin aiki. Amma yanzu matata ta ji, ba za ta taɓa runtsawa a gidan ba. Kin ɓata mini gidan da na so." Na ce in ban faɗa ba, maƙwabta za su faɗa mata ranar da ta fara zuwa famfo, a lokacin kuma ba su da wurin komawa. Ya dai raka ni bakin ƙofa. Washegari ya aika wa Mani ya fasa.

Maganarsa ta tsaya mini a rai, ba zan ɓoye maka ba. Wataƙila da sun zauna lafiya har tsufa. Amma su ke da zaɓi, ba ni ba, ba Mani ba.

Jalalu ya rufe kantinsa ya zo ya same ni a lakwal lokacin hutun yara. Yana magana yana haɗawa da Faransanci, kamar yadda yake yi in ransa ya ɓaci. Shi ba cinikin ne ya fi damunsa ba. Ya ce na je gaban baƙo na kira uwarmu 'yar bori, na tono abin da ya yi shekaru yana binnewa. Ya ce faɗin cewa akwai Doguwa a gida daidai yake da yarda da ita, wannan kuwa shirka ne. Ban yi masa faɗa ba, Yaya. Na tuna yadda yara ke bin sa suna yi masa kiɗan goge da baki yana komawa gida yana kuka. Na ce masa kawai, mu je wajen malaminka, duk abin da ya yanke zan ji da kunnena.

Muka je wajen Malam Aminu a masallacinsu na bakin titi. Ni na zauna daga waje, a bakin taga. Malam bai sassauta mini ba ko kaɗan. Ya ce zuba wa iska nono haramun ne, Allah ya gafarta wa Inna, kuma da shi ne da tuni ya sare itacen. Jalalu ya fara gyaɗa kai. Sai Malam ya juya kan Jalalu ya ce, amma duk abin da mai sayarwa ya san in mai saye ya ji zai janye, bai halatta a ɓoye masa ba. Jalalu ya ce, ko da abin da zai sa ya janye tsoro ne na banza? Malam ya ce, "Ko da tsoro ne na banza. Dukiyarsa ce, iyalinsa ne. Ka faɗa masa, sannan ka yi masa wa'azi in kana so." Maganar sare itace kuwa na ce wa Malam ta wata rana ce. Da muka fito, Jalalu ya hau kabu-kabu ya bar ni a tsaye.

Na san kana jiran rabonka ne don ka kai Yaya Adama Yamai a yi mata aikin ido. Ban manta ba. Na sayar da tumakina, abin da suka yi yana hannun direba tare da wannan takarda. Ba zai isa ba, amma a fara da shi, kuma kada ka mayar mini, don ba kai na ba wa ba.

Ƙanwarka,
Lubabatu


Dogon Dutsi, cikin watan Azumi

Zuwa ga Yaya Gado,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, yaya ibada, yaya zafi? Allah ya karɓa mana. Na ji an duba idon Yaya Adama ɗaya, saura ɗayan. Ka gaishe ta da jiki.

Ban so in rubuta maka magana mai zafi cikin wannan wata ba, amma abin da ya faru ba ya jira.

Tun da Abdussalamu ya fasa, labarin gidanmu ya yi ta girma. Da daka ne da kiran kaji. Yanzu a tasha ana cewa ana ganin mace da farin zane a kan katanga, wai tsamiyar tana zubar da jini in an yanke ta. Ka ce ni na jawo, kuma na yarda bakina ne ya buɗe maganar. Amma ban faɗi farin zane ba, ban faɗi jini ba. Na bi sawun labarin, kullum sai in tarar daga bakin direbobin Alhaji Dauda ya fito, mai manyan motocin nan da ma'ajiyar kayansa ke jingine da katangarmu ta kudu. Ya daɗe yana son wurin don ya faɗaɗa. Da ya ga ba wanda ke tayawa, sai ya aiko Mani da tayin da bai kai rabin na baƙon ba. Kai da Jalalu kuka amsa, kuka ce in je in sa hannu.

Na je. Alhaji na zaune a kan kujerarsa, ya yi mini barka da zuwa da fara'a. Ya ce, "Malama, an ce ke mai son a faɗi gaskiya ce. To ni na fi ki, na sa an rubuta ta, don kada gobe 'yan'uwanki su ce na cuce su a farashi." Ya miƙo mini takardar. Da Faransanci take, na karanta a tsaye. An rubuta cewa mu magada mun amsa da bakinmu gidan yana da fatalwa, fatalwar kuwa ta Karima ce, da sunanta da sunan mahaifinmu, wadda ta kashe kanta a rijiyar gidan. Sa hannun Jalalu yana ƙasa. An bar gurbin nawa da naka.

Yaya, ka karanta wannan takarda kafin ka ce in sa hannu, ko a waya aka gaya maka farashi kawai?

Ba wanda ya ga yadda Karima ta faɗa. Ni na wanke ta. Igiyar guga tana naɗe a hannunta, gugan yana ƙasa tare da ita. Mutum mai ciwo, wanda jiri ke ɗauka, ya je ɗibar ruwa, abin da muka sani ke nan, sauran Allah ya bar wa kansa. Liman ya yi mata salla, kai kana sahun gaba. Yanzu don a rage farashin gida za a buga hatimi a kan cewa ta kashe kanta, kuma tana yawo a kan katanga?

Karima ce ta koya wa Jalalu karatu a ƙarƙashin tsamiyar nan, da tsinke a ƙasa. Ba amaryar da aka kai a unguwarmu ba da kitsonta ba, har Kiyeshe ake zuwa ɗaukarta. In ta yi dariya sai Inna ta ce a rufe zaure kada a ce muna biki. Ciwo ya zo mata, yana tafiya yana dawowa, ko a cikinsa ba ta taɓa zagin kowa ba. Wannan ce za a sa a takardar ciniki tare da tsagewar bango da yoyon rufi?

Na ajiye masa takardarsa a kan tebur. Na ce, "Alhaji, zan rubuta ƙanwata ta rasu a gidan nan, don ta rasu. Zan rubuta mutane suna cewa suna jin motsi, don suna cewa. Amma abin da ban sani ba, ba zan sa masa hannu ba, ko da za ka ba ni Dogon Dutsi duka." Ya ce, to da can da baƙo na ce a faɗa, yanzu da ɗan gari na ce kada a faɗa, wanne ne nawa? Na ce nawa bai sake ba. Wancan an so in rage, kai kana so in ƙara. Na ɗauki jakata na fito.

Da na nuna wa Jalalu layin, fuskarsa ta canza. Ya ce bai karanta har ƙasa ba. Na yarda da shi. Amma bai je ya janye hannunsa ba, ya ce ya gaji, shi dai a rabu da gidan.

Ka ce in na ƙi za ku kai ni gaban alƙali a tilasta ni. Ku kai ni. Ba na jin kunyar tsayawa a gaban kowa da wannan magana, na ma fi son a yi ta inda za a ji. Ka faɗa mini ranar kawai, in nemi wanda zai riƙe mini aji.

Allah ya kai mu Salla lafiya.

Ƙanwarka,
Lubabatu


Dogon Dutsi, farkon damina

Zuwa ga Yayana Gado,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kuna lafiya kai da iyali. An yi ruwan shuka nan, ina fatan ya kai wajenku. Ruƙayya ta zo hutu, tana gaishe ka.

Ba ka zo zaman shari'a ba, ka wakilta Jalalu. Na san ya ba ka labari a taƙaice, don haka ga nawa.

Alƙali ya karanta takardar Alhaji Dauda, ya ajiye ta gefe, ya ce ba wanda zai tilasta wa magaji sa hannu a kan abin da bai shaida ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Malama, ke dai faɗa mini, kin yarda akwai iska a gidan nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gani ba, ban ji ba. Uwata ta ce akwai, 'yan haya sun ce sun ji, ƙanena ya ce maganar ma ba ta kamata ba. Ba ni aka ɗora wa raba wannan gardama ba. Abin da ke wuyana shi ne kada in karɓi dukiyar mutum yana cikin duhu, kada kuma in yi wa mamaci ƙarya." Ya yi rubutu, bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya ce tunda magada ba su daidaita a kan sayarwa ba, sai a raba, kowa ya yi yadda ya so da nasa.

Nan take na ce a ba ni baya: ɗakin Karima, da wurin rijiya, da tsamiya. Jalalu ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Yaya Luba, wannan ai shi ne wurin da ba mai so." Na ce shi ya sa ba za mu yi rigima a kansa ba. Mai awo ya zo ya ja igiya, rabona bai cika kaiwa bakin ɗakin ba, Jalalu da kansa ya ce a matsa igiyar, a rage daga nasa. Bai dube ni ba lokacin da ya faɗa. Alhaji kuwa ya janye, don gefen da ke jingine da ma'ajiyarsa ne ya faɗo hannuna. Tun daga ranar ban sake jin labarin farin zane a tasha ba.

Daga gidan nake rubuto maka. Na bar gidan haya, na kwaso kayana a amalanke, mutanen unguwa na leƙe ta kan katanga. Abin da na fara yi shi ne kiran masu haƙar rijiya. Suka fasa simintin Mani, Yaya, da bugu ɗaya ya rufta, ƙarƙashinsa kogo ne da zai haɗiye babban mutum har ƙirji. Suka kwashe sharar, suka cike da duwatsu da jar ƙasa suna dannawa. Na sa aka zagaye wurin da ɗan gini daidai gwiwa, don duk wanda ya shigo ya ga inda take. An ja katanga tsakanina da rabonku, an fasa mini ƙofa ta gabas.

Mata suna tare ni a famfo suna tambaya ko ina zuba wa tsamiya nono. Abokan Jalalu kuma suna aiko mini in sa mata gatari. Ba na yin ko ɗaya. Ina shanya a reshenta, 'ya'yanta na bara da suka rage na tsinka na yi kunu. Da tsakar rana busassun 'ya'yan suna faɗowa a kan kwano, dakan maƙwabta kuma yana bugun dutse ya dawo kamar a tsakar gida ake yi. Ban ce abin da 'yan haya suka ji ke nan ba, abin da ni na ji nake faɗa maka. Kiran kaji ban ji ba tukuna. In na ji zan rubuto.

Shekaranjiya Mani ya kawo wanda zai sayi rabonku, wani mai sayar da taki daga Tibiri. Ya zaɓi lokacin da yake zaton ina lakwal, ya manta ranar ba a komawa da yamma. Na ji muryarsu ta bayan katanga, na ɗebi ruwa a kwanon sha na zagaya. Da Mani ya gan ni sai ya zauna a kan dakali ya riƙe kai. Na gaishe da baƙon, na ba shi ruwa, na ce ni ce zan zama maƙwabciyarsa. Na gaya masa kome, tun daga Inna har rijiya, na ce ya zo ya ga wurin da idonsa. Ya zo ya gani. Ya tsaya a ƙarƙashin tsamiya ya ɗaga kai. Ya ce, "Ke kuma a nan kike kwana?" Na ce a nan, ni da ɗiyata. Ya ce zai je ya yi shawara da iyalinsa, ya dawo ranar kasuwa.

Ban san ko zai dawo ba. In ya saya, ya saya da idonsa a buɗe, ba wanda zai zo ya warware muku ciniki daga baya. In ya fasa, wani zai zo, shi ma zan kai masa ruwa. Gara ka san wannan tun yanzu, ka kuma gaya wa Mani ya daina wahalar da kansa da neman lokacin da ba na nan.

Saura magana ɗaya. Tun ranar da aka fita da Karima ba ka sake wuce zauren gidan nan ba. In ka zo gari a kantin Jalalu kake sauka, ko sunanta ba ka kamawa, sai ka ce "abin da ya faru". Ban ce ba ka son ta ba, na san a kafaɗarka ta girma. Amma ko wane ne ya saya, dole ka zo ka sa hannu da kanka, wannan karon ba wakili. In ka zo, ƙofata tana gabas, shuɗiya ce. Na shafe ɗakin Karima da farar ƙasa, na sa sabon labule, shi ne ɗakin baƙi yanzu. A nan zan shimfiɗa maka.

Ka gaishe da Yaya Adama da yara. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ƙanwarka,
Lubabatu